A riƙa kawo mana labarin mata masu hawan dutse

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah shafinku na wasanni kullum ƙwallo ne kawai, shi ya sa nace bari in ja hankalinku kan Janja Garnbret, yar ƙasar Sulobeniya mai wasan hawan dutse da bango. Ita ta ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, ta sake ci a Faris a 2024, amma ni abinda yafi taɓa min zuciya shine maganar da ta fito tayi a 2023 kan yaran mata dake hana kansu abinci, wai sai jiki yayi sauƙi sannan mutum zai iya ɗaga kansa da yan yatsu. Wallahi abin tausayi ne, al'ada ta ɗauke ma yarinya, ƙashinta yayi rauni, tana ta ramewa ana mata tafi. A shekarar har likitoci biyu suka ajiye aiki a hukumar wasan ta duniya IFSC saboda an ƙi ɗaukar mataki, sai a 2024 aka fito da dokar duba lafiyar yan wasa kafin gasa.

Ku rubuta mana wannan dalla-dalla, iyaye da masu horar da yara su karanta.

Naku,
Mai karatu daga Zariya