Ba duka Larabawa ne ke da rijiyar mai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan yadda ake kawo mana labarin tarukan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sau da yawa sai ka ji an ce ƙasashen Larabawa sun ƙi amincewa da kaza, kamar su 22 ɗin nan ciwonsu ɗaya ne.

Gaskiya ne a rukuni ɗaya suke shiga zauren, kuma akwai inda bakinsu ya zo ɗaya. Duk suna cewa ƙasashen da suka yi arziki da ƙona kwal da mai tun da daɗewa, wato Turai da Amurka, su ya kamata su fi kowa sa hannu a aljihu. A Sharm el-Sheikh ta Masar aka amince da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa, a 2022, aka kuma ƙaddamar da shi a Dubai a 2023, inda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi alƙawarin dala miliyan 100. Wannan abin a yaba ne.

Da zarar an taɓo man fetur kuwa, muryar Saudiyya ce ke danne ta sauran. A Dubai ita ta tsaya kai da fata kada a rubuta cewa za a daina amfani da mai da gas, har sakataren OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, Haitham Al Ghais, ya aika wa mambobin ƙungiyar wasiƙa yana neman su ƙi duk wata magana irin wannan. A taron Baku ta Azarbaijan a 2024 ma haka aka yi ta jan ƙafa.

To, Malam Edita, wa wannan matsayi ya amfana? Somaliya mamba ce a ƙungiyar Larabawa, damina biyar a jere ta yi ba ruwan kirki, dabbobi suka ƙare. A Derna ta Libiya, guguwar Daniel ta fasa madatsun ruwa biyu a Satumban 2023, dubban mutane suka rasu a dare ɗaya. Sudan, inda ƴan'uwanmu Hausawa suke da yawa, ta sha mummunar ambaliya a 2020. Jodan ruwan sha ma ya zame mata aiki. Maroko kuma, da yake sayen makamashi take yi daga waje, ta rungumi hasken rana da tasharta ta Noor a Ouarzazate. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce Iraƙi: kusan duk kuɗin gwamnatinta daga mai yake fitowa, alhali kogunan Dijla da Furat na janyewa, manomanta na barin gonaki. Gaba kura, baya sayaki.

Ita kanta Saudiyyar zafin bai ƙyale ta ba. A aikin Hajjin 2024 ya haura digiri 51 a Makka, alhazai sama da 1,300 suka riga mu gidan gaskiya. Iyayenmu ne ke zuwa can kowace shekara, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Ina roƙon idan taro na gaba ya zo, wakilinku ya nemi tawagar Sudan, ko ta Somaliya, ko ta Muritaniya, ya tambaye su me suka nema a cikin rukunin, kuma me suka samu.

Wassalam.
Mai bibiyarku daga Zariya