Badala da Dala: a shata iyaka kafin a gayyato baƙi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kowace gwamnati ta zo Kano sai mu ji za a bunƙasa yawon buɗe ido, baƙi su zo kallon Hawan Daushe, su hau Dala, su leƙa Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Niyyar tana da kyau. Sai dai filin da ke kewaye da waɗannan wurare, wanda shi ne ke fito da kwarjininsu, shi ake ta yankawa ana rabawa.

Bayan ƙaramar sallah na ɗauki jikokina uku a adaidaita sahu, muka bi titin jami'ar Bayero daga Ɗan Agundi zuwa Kabuga, da nufin in nuna musu badala. Lokacin muna yara, kana bin wannan hanya kana ganin ganuwa ta miƙe, ga kududdufai a gindinta, ga sarari har ido ya gaji. A ranar sai da na yi ta sa direba yana rage gudu, ina leƙe tsakanin shaguna da wuraren sayar da motoci, ko zan hango ɗan tudun jar ƙasa. Ƙaramar cikinsu ta ce, "Kaka, to ina ganuwar take?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta.

Ganuwar nan Sarki Gijimasu ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, kuma har yau a layin jira take. Waɗanda ke duba irin wannan buƙata sukan tambayi iyakar wurin, da tazarar da aka keɓe a gefensa, da dokar da ke tsare ta. Me za mu nuna musu?

Ba rashin doka ke damunmu ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma a matsayin amana ga jama'a. Akwai dokar tsara birane ta 1992, kuma a 2003, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jiha ne. Ke nan ba mu da damar ɗora wa Abuja laifi. Muna da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha mai ba da izinin gini, ga kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da badala ke ƙarƙashin kulawarta. Abin da babu shi ne layi bayyananne, wanda talaka zai gani da idonsa ya san daga nan zuwa can ba a gini, ko wane ne ya sa hannu a takardar.

Rashin wannan layi shi ya kai mu ga abin da muka gani a watan Yunin 2023. Gwamnatin da ta gabata ta ba da filaye a tsohon otal ɗin Daula da filin Idi da sauransu, wadda ta gaje ta ta turo katafila ta rushe. Ba siyasa na zo yi ba, Edita, kowane ɓangare yana da hujjar da yake kafawa. Ni dai ina duba wanda ya kwana a ciki. Ɗan kasuwar da ya sayar da gonar gado ya sayi shago da takarda a hannu, ya wayi gari da ɓaraguzai. Babbar kotun tarayya ta umarci jiha ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, kuma ko nawa aka daidaita a kai daga baya, daga aljihun jama'a zai fita. Sannan mai kuɗin da ke tunanin gina otal ko wurin wasan yara a Kano, ya ga haka, yaya za a yi ya saki jiki?

Wuraren shaƙatawar ma haka suke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Marigayi Audu Baƙo ya bar mana gidan zu da Tiga da Bagauda. Otal ɗin Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi. A 2020 har an yi maganar kwashe gidan zu a kai shi Tiga, alhali shi ne wurin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya kai iyalinsa ranar yawon sallah da kuɗin mota kaɗan.

Kududdufan da na ambata kuwa, mutane suna ɗaukarsu matattarar shara. Daga cikinsu kakanninmu suka haƙi ƙasar ganuwa da ta gidaje, su ne kuma ke shanye ruwan damina. Da aka cike su aka yi gini, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakunan mutane ya koma. Da an yashe biyu ko uku an dasa itatuwa an sa kujeru, da birni ya samu wurin shan iska a gindin tarihinsa.

Roƙona ga majalisar dokokin jiha shi ne ta yi doka ta musamman a kan wannan. A sa masu awon ƙasa su auna abin da ya rage na badala, da kewayen Dala da Goron Dutse, a kafa turaku na siminti, a buga taswirar a liƙa ta a ƙofar kowane mai unguwa. A ƙayyade tsawon benen da za a iya ginawa kusa da Dala, don kada wata rana a nemi dutsen a rasa daga titi. Duk filin gwamnati da za a sauya wa amfani, a sanar a rediyo, a ba mutane wa'adin kawo ƙorafi, a ji ta bakin masarauta da sarakunan ƙofa. Wanda kuma ya riga ya gina da takardar hukuma, idan dole ne ya tashi, a biya shi kafin katafila ta iso.

Na yi wa jikokina alkawarin kai su Dala a hutu mai zuwa. Ina so in tsaya da su a saman dutsen in nuna musu inda ganuwa ta bi, daga Ƙofar Ruwa har Kansakali, tun akwai sauran abin nunawa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin firamare, Gwale, Kano