Zuwa ga ɗalibar da ta ce sashenmu tarin tsintuwa ne

Assalamu alaikum, 'yata.

A taron maraba da sababbin ɗalibai kin ce kin karanta bayanin malaman sashen nazarin halittu, kin ga wannan kwaɗi yake bincike, wancan gansakuka, wata ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wani ma digirinsa na farko a lissafi ya yi. Kika tambaye ni: wannan sashe ɗaya ne ko tarin tsintuwa, kuma me ya hana su haɗa kai su tunkari cututtukan da ke kashe mutane? Ga amsar a rubuce, don na san ba ke kaɗai abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Bari in fara da mai lissafin, tunda shi aka fi yi wa dariya. Gregor Mendel, da ya fitar da ƙa'idojin gado daga shukar wani nau'in wake a 1866, ya karanci fiziks da lissafi a Jami'ar Viyana, shi ya sa ya zauna ya ƙirga dubban tsirrai ɗaya bayan ɗaya. Francis Crick, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano siffar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, daga fiziks ya fito. Rosalind Franklin, wadda hotunan ɗakin gwajinta suka taimaka aka gano siffar DNA a 1953, kimistiri ta karanta. Yau kuma kundin gadon mutum haruffa ne kusan biliyan 3. Wa zai karanta wannan da ido? Dole sai mai lissafi da kwamfuta.

Takardar da kika karanta tana da laifinta. Sunan halittar take kawowa, ba ta faɗin tambayar da malamin ke bi. Malamar ƙuda, ba ƙudan ne ya dame ta ba. Ki leƙa ɗakinta ki gani: za ta sumar da su, ta zube su ƙarƙashin madubin gwaji, tana ware maza da mata da ɗan burushi mai laushi, tana duba launin ido da siffar fuffuke. Cikin mako biyu an samu sabuwar zuri'a, abin da a mutum sai an jira shekara ashirin ko fiye. Da wannan ƙudan Thomas Morgan ya fara nuna inda ƙwayoyin gado suke zaune a 1910, kuma mafi yawan ƙwayoyin gadon da ke jawo wa mutum cuta suna da takwarorinsu a jikinsa.

Sai batun cututtuka. A 1966 Thomas Brock yana ɗibar samfuri a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, ya samo wata bakteriya da ke rayuwa a zafin da ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius. Babu maganar asibiti a ransa. Sinadarin da aka ciro daga jikinta shi ya sauƙaƙa gwajin PCR, mai ninka DNA har a iya gano ƙwayar cuta, wanda duniya ta dogara da shi lokacin korona. Haka Francisco Mojica a Sifaniya, ƙananan halittun tafkin gishiri yake nazari a farkon shekarun 1990, ya ga wasu haruffan gado suna maimaita kansu. Daga nan aka kai ga fasahar CRISPR ta gyara ƙwayoyin gado, kuma a 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin sikila da aka gina a kanta. Da an tilasta wa mutanen nan biyu su yi aikin cuta kawai, da wa zai je ɗibar ruwan?

Ban ce kowane bincike zai haifi irin wannan ba. Da yawa a kan kantar ajiye littattafai suke ƙarewa, kuma akwai malaman da abin da aka rubuta a gaban sunansu sun bar shi tun shekara goma. Saboda haka idan lokacin zaɓen mai duba furojet ɗinki ya zo, kada ki tsaya a takardar. Nemi abin da ya wallafa kwanan nan ki karanta ko da shafin farko ne. Tambaye shi wace tambaya ce ke hana shi barci yanzu, aikin na daji ne, na ɗakin gwaji ne, ko na gaban kwamfuta. Sannan ki sami ɗalibansa na bara a gefe, su za su gaya miki ko yana karanta abin da aka miƙa masa.

Allah ya ba da sa'ar karatu.

Malaminki,
daga sashen nazarin halittu