Godiya ga Gidan Burodin da Ɗana Yake Aiki a Sabon Garin Zariya

Zuwa ga Baba maigida, da Mama, da dukan ma'aikata,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na san Baba ba ya son a yabe shi a bainar jama'a, shi ya sa ban kama sunansa ko na gidan ba. Amma yaba kyauta tukwici ne, ni kuwa ba ni da wani tukwicin da ya wuce wannan wasiƙa.

Ɗana yana ɓangaren kwaɓi ne, aikin dare. Da damina yana hanyar dawowa gida Wusasa, Keke Napep ɗin da ya hau ya kife kusa da gadar Kwangila, ya karye a cinya. Aka wuce da shi asibitin koyarwa na Shika. Kafin in samo abin hawa in isa, Baba ya riga ni, da garin fulawa a hannun rigarsa, ya yanki kati, ya biya kuɗin hoton ƙashi. Da na durƙusa zan yi godiya, sai ya ce, "Tashi, Mama, ai yaronmu ne."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar albashi. Kowa a garin nan ya san yadda aikin irin waɗannan gidaje yake: ranar da ba ka zo ba, ba ka da ko sisi, in ka daɗe a kwance kuma sai ka tarar an sa wani a gurbinka. Ga fulawa da sukari sun yi tsada, ga itace, ga man janareto. Da Baba ya ce ba zai iya ba, ba wanda zai ga laifinsa. Duk da haka, tsawon watannin da yaron nan ya yi a kwance, wata bai taɓa ƙarewa ba tare da Mama ta iso gidanmu da albashinsa cikin ambulan ba, cif, ba ragi, da burodi mai ɗumi a leda. Limaminmu ya taɓa yi mana wa'azi a kan Littafin Firistoci 19:13, inda aka hana hakkin ɗan ƙodago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. A gidanku har wanda ba ya iya tsayawa da ƙafarsa ma hakkinsa bai kwana ba.

Sai ku abokan aikinsa. Daga baya na ji cewa ku ne kuka roƙi Baba kada ya ɗauki sabon mutum, kuka raba daren ɗana a tsakaninku. Wanda ya san zafin bakin tanda, da yadda ake dambe da kwaɓi tun tsakar dare don masu shayi su sami burodi kafin asuba, ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Yawancinku Musulmi ne, kuma wanda ya fi kowa kwana da shi a asibiti wani saurayi ne daga Tudun Wada, yana fita ya yi salla ya dawo ya gyara masa matashi. Da na tambaye shi dalili, sai ya ba ni labarin azumi: yadda Baba yake sauya lokacin aiki don masu azumi kada su tsaya gaban wuta da rana tsaka, yadda Mama take dama musu kunu da yamma, da kuma yadda su ma suke riƙe gidan ranar Kirsimeti don Kiristoci su tafi sujada. Ashe abin ya daɗe a gidan, ni ce dai ban sani ba.

Mu 'yan Wusasa da irin wannan tarbiyya aka rene mu. Tun da mishan ɗin su Dokta Miller, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, ya koma Wusasa a 1929, ba majami'a kaɗai aka gina ba, har da makaranta da asibiti, kuma ba a tambayar majiyyaci addininsa kafin a duba shi. Sai dai a gaskiya, da yawa daga cikinmu yanzu mun iya waƙar ƙauna ran Lahadi, ran Litinin kuwa yaran shagonmu ne ke shan wuya a hannunmu. Ina faɗin haka ne don masu shaguna na ikilisiyarmu su ji, su zo su ga yadda Baba yake riƙe mutanensa.

An cire filasta, yana takawa da sanda, kuma na ji an ce za a ajiye shi a teburin ƙirga da sa leda har ƙafar ta yi ƙarfi. Za mu yi sujadar godiya a majami'ar St. Bartholomew da ke Wusasa ran Lahadin ƙarshen wata, 'yan Zumuntar Mata za su yi girki. Ina gayyatarku duka. Waɗanda ba za su shiga sujada ba su wuce gida kai tsaye, akwai tuwo da miyar kuka, akwai kuma wurin alwala.

Ubangiji ya sa wa kasuwarku albarka.

Taku cikin Almasihu,
Mahaifiyar ma'aikacinku, daga Wusasa