Cocin Wusasa aikin maginanmu ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai. Sau uku mai gabatarwa yana kiran cocin Anglika na Wusasa "ginin Turawa". Don Allah wane Bature ne ya kwaɓa ƙasar? Wane Bature ne ya mulmula tubalin?

Ni Musulmi ne, ɗan magini, jikan magini. Lokacin da nake karatu a Zariya, wani abokina ɗan Wusasa ya shigar da ni cocin nan na St. Bartholomew. Ina ɗaga kai na ga bakan gizon da ke riƙe da rufin, sai na ji kamar a zauren kakana nake a nan Tawa. Na shafa bangon da hannuna. Ga kauri, ga sanyi da tsakar rana alhali waje na ƙuna. Na daɗe a tsaye ina kallon yadda bakan ya tashi daga bango ya haɗu a sama, domin na san wahalar da ake sha wajen ɗaura azara hawa-hawa kafin a yaɓe ta. Mahaifina yakan yi kwanaki a kan baka guda. Wanda ya gaji sana'ar ne kaɗai yake iya wannan, ba a Ingila ake koyonsa ba.

Na yarda 'yan mishan ɗin cocin Anglika, wato CMS, ne suka sa aka gina shi, da suka tashi daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa a 1929. Kun yi maganar ɗan mishan Dokta Walter Miller da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, kun ambaci Janar Yakubu Gowon da ya girma a garin. Duk gaskiya ne. Amma maginan da suka yi gumi, ko kalma ɗaya ba su samu ba a cikin minti talatin.

A jiharmu akwai masallacin laka na Yama da Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, kuma da sunan magininsa ake ambatonsa. Haka ya kamata a yi wa na Wusasa. Ku tura wakilinku ya zauna da dattawan garin, ya tambayo su waye suka ɗora wannan gini.

Wani abu kuma. Wannan ce wasiƙata ta huɗu a bana, ba ku karanta ko ɗaya ba. Na lura saƙonnin Nijar sai ƙarshen shiri kuke tuna su, lokaci ya ƙure, a yanke. Mu ma batir muke saya don mu saurare ku.

Naku mai sauraro,
daga Tawa, Jamhuriyar Nijar