Godiya ga sashen tace rahotanni, musamman Malamar da ke duba nawa

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa ce zuwa ga kamfanin binciken kasuwa da nake yi wa aikin kwastoman ɓoye a nan Kaduna, kuma da gangan na fito da ita bainar jama'a.

Ga wanda bai san sana'ar ba: za a tura ka banki, gidan mai ko shagon waya, ka shiga kamar kowa, ka riƙe a ka ƙarfe nawa ka shiga, minti nawa ka yi a layi, an gaishe ka ko an share ka, ka karɓo rasit. Kafin awa 24 ka cike fom ka tura. Sai edita ya amince da rahoton sannan a biya ka, har da abin da ka kashe daga aljihunka.

A nan na sha wuya a hannun wasu. Farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, wani kamfani ya tura ni wani banki a Barnawa. Daga Rigasa na taso, da ɗan canjin da na yi ta lallaɓawa. Awa uku ina tsaye a rana. Da dare ba wuta, a shagon mai caji na zauna na rubuta rahoton. Bayan kwana tara amsa ta zo, layi ɗaya tak: an ƙi karɓa. Ba dalili, ba wanda zan tambaya. Na yi ta aika saƙo, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kuɗin keke ma ban gani ba.

Shi ya sa ranar da wayata ta yi ƙara bayan na tura muku rahotona na farko, gabana ya faɗi. Wani gidan mai ne a hanyar Mando. Na rubuta cewa yaron da ke kan famfo ya wulaƙanta ni. Malama ta gaishe ni, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Malam, me ya yi maka takamaimai? Abin da idonka ya gani nake so." Na yi shiru ina tunani. Gaskiyar magana, bai gaishe ni ba ne kawai, kuma na jira minti bakwai saboda na'urar POS ta ƙi aiki. Ta ce to haka zan rubuta, don wannan takarda za ta isa teburin manajansa, kuma kalma ɗaya tana iya raba shi da abincinsa. Wallahi na ji kunya. Yaron bai wuce sa'an ƙanena ba.

Ta kuma nuna min inda na saka 2:40 alhali rasit na cewa 2:14, da inda na amsa "e" a tambayar tsabta amma a bayani na ambaci kwandon shara da ya cika. Ba faɗa, ba gori. Na gyara, aka biya ni a ranar da aka ce.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu kamfanonin ke ɗaukar mu kamar ba mutane ba. Editan yana can cikin sanyin ofis, bai san yadda ruwan Agusta ke tsayar da mutum a Kawo ba, bai san intanet na iya ɗaukewa kana tsakiyar tura hoto ba. Wani ma sai ya sauya maka magana ba tare da ya tuntuɓe ka ba, ka ga rahoton da sunanka amma ba abin da ka gani ba ne. To ina amfanin aiken?

Malama, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci zuri'a. Ku kuma shugabanni, roƙona ɗaya ne: don Allah kada ku ɗauke ta daga kan rahotannin Kaduna.

Naku,
Wani kwastoman ɓoye daga Rigasa