A Sa Wa Tsohon Akwatin Wasa Kwamfuta, Amma Kada A Yanke Masa Waya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran kayan lantarki, musamman matasanmu da suka ƙware a harkar kwamfuta, a kan wani aiki da ya zo hannuna kwanakin baya, wanda har yanzu yana yi mini ciwo a rai.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, kuma a cikinta na yi furfura. Wani bawan Allah ya kawo mini akwatin wasan bidiyo irin na tsaye, mai ramin jefa tsabar kuɗi, wanda ya tsinta a cikin kayan gwanjon da aka shigo da su daga waje. Fanel ɗin wasan, wato allon lantarkin da ke ɗauke da wasan, ya mutu, don haka yake son a sa masa kwamfuta a ciki, ta riƙa kwaikwayon aikin fanel ɗin. Kafin ya zo wurina ya kai shi wani shago, inda aka datse rabin wayoyin da almakashi, aka huda katakon gaba domin ƙarin maɓallai, aka kuma ba shi shawarar ya sayar wa 'yan jari bola da tsohon gilashin mai ƙeya, ya maye gurbinsa da filasma. Allah ya sa kuɗin filasmar bai samu ba a lokacin.

Ba na adawa da sa kwamfutar ko kaɗan. Waɗannan akwatuna sun tsufa. Kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders a 1978, Namco ya fitar da Pac-Man a 1980, Capcom kuma ya fitar da Street Fighter II a 1991, kuma kowane wasa da fanel ɗinsa yake zuwa. Wasu ma an gina su ne da ajalinsu a ciki. Fanel ɗin da Capcom ya fara amfani da shi a 1993, mai suna CPS-2, yana ajiye mabuɗin sirrin wasan ne a ma'ajiyar da ƙaramin batir ke raya ta, ranar da batirin ya ƙare kuwa, wasan ba ya sake tashi, sai da masana suka yi shekaru kafin su gano hanyar farfaɗo da shi. Saboda irin wannan asara ne wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME a 1997. Aikinta shi ne ta sa kwamfutar zamani ta yi koyi da ƙwaƙwalwar tsohon fanel, misali Z80 da ke cikin Pac-Man, har ainihin umarnin da aka kwafo daga fanel ɗin ya gudana kamar yana gidansa. Masu kula da ita sun sha bayyana cewa adana tarihin waɗannan na'urori ne babban burinsu, kuma a ganina sun yi wa duniya aikin alheri.

Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake shigar da kwamfutar. Baƙo ba ya rushe ɗakin mai gida don ya sami wurin shimfiɗa tabarma. Tun a 1985 ƙungiyar masu ƙera injunan wasa ta Japan ta tsayar da tsarin haɗa wayoyi guda ɗaya, wanda ake kira JAMMA, mai haƙora 56, wato 28 a kowane gefe, kuma ta nan wuta da hoto da sauti da maɓallai da ramin kuɗi duk suke bi. Akasarin akwatunan da aka yi bayan wannan lokaci a kansa suke, har da wanda aka kawo mini. Ma'anar haka ita ce babu dalilin yanke waya ko ɗaya. Akwai ƙaramin fanel mai suna J-PAC, na kamfanin Ultimarc da ke Ingila, wanda ake soka shi a daidai wurin da aka zare tsohon, ya mayar da danna maɓallai tamkar danna haruffan kibod, ya kuma ƙara wa siginar hoto ƙarfi, domin wadda kwamfuta ke fitarwa ta yi wa gilashin akwatin rauni. Sauti ne kawai ke buƙatar a ƙara masa ƙaramar amfilifaya, tun da ta asali a jikin tsohon fanel take. Akwatunan da suka girmi JAMMA, irin na Pac-Man, ana haɗa musu mahaɗi na daban, shi ma ba tare da taɓa wayoyin asali ba. Duk ranar da aka gyara fanel ɗin farko, a cikin minti kaɗan za a mayar da shi mazauninsa.

Batun gilashi shi ne ya fi damuna, domin nan ne ɓarnar da ba ta gyaruwa take. Gilashin waɗannan akwatuna yana zana layuka kimanin 15,700 a kowace daƙiƙa, kamar tsohuwar talabijin, alhali kwamfuta tana turo aƙalla 31,500 tun daga lokacin da aka kunna ta. Idan aka haɗa su kai tsaye, hoto zai wargaje, kuma ana iya ƙona sashen da ke jan layukan. Maganin wannan sananne ne. J-PAC ɗin da na ambata yana tare siginar da ta wuce ƙima, sannan akwai wani reshe na MAME mai suna GroovyMAME, wanda idan aka haɗa shi da katin hoto da ya dace, yake fitar da kowane wasa a kan girman hotonsa da saurinsa na asali. Wannan ba ƙawa ba ce kawai. Hoton Street Fighter II ɗigo 384 ne a kwance da 224 a tsaye, kuma masu zanen sun yi shi ne suna kallon gilashi mai ƙeya, wanda ke narkar da ɗigon cikin juna har fuska ta fito kamar fuska. A kan filasma sai ka ga gutsattsarin murabba'ai masu kaifi. Mortal Kombat na 1992 yana sauya hoto kusan sau 55 a daƙiƙa, yawancin filasma kuwa a kan 60 suke, don haka motsi yakan riƙa tsalle, ga ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin sakamako, wanda duk wanda ya iya wasan zai ji shi a yatsunsa. Masana'antu sun daina ƙera irin wannan gilashi. Wanda aka fasa don a ciri wayar tagulla da ke wuyansa ya tafi ke nan.

Wajibi ne kuma in ja kunnen matasa. Gilashin nan yana aiki da wuta mai ƙarfin fiye da bolt 20,000, kuma yana iya riƙe caji bayan an zare shi daga soket, don haka wanda bai koyi yadda ake sauke cajin ba kada ya kai hannu bayansa. Da yawa daga cikin tsofaffin suna buƙatar taransifoma mai raba su da wutar gida, wadda ke zaune a ƙasan akwatin, kuma na ga masu cire ta suna zaton tarkace ce. Akwatin da ya fito daga Amurka a kan bolt 120 aka saita shi, na Japan a kan 100, wutarmu kuwa 230 ce, saboda haka a duba kafin a jona. Zafin bazara yana busar da kafasita, ƙurar hunturu tana taruwa a kan fanel, ɗaukewar wuta ba zato kuma tana lalata katin ajiyar ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi, waɗanda da yawa ke zaɓa saboda arha.

Huda katako kuwa kwaɗayi ne ke jawo shi. Da an ji cewa manhajar tana ɗauke da dubban wasanni, sai a so akwati ɗaya ya yi duka. Tsarin JAMMA maɓallai uku ya tanadar wa kowane ɗan wasa, shi ya sa Capcom ya ƙara wata waya ta daban domin maɓallai shida na Street Fighter II. Gilashin Pac-Man a tsaye yake, sandar sarrafa shi kuma ɓangare huɗu kawai take zuwa, idan aka yi shi da mai zuwa takwas sai ya riƙa ƙin juyawa a kwana. Centipede da ƙwallon murzawa ake yin sa. Wasa ashirin da suka dace da sanda da maɓallan da akwatin ya zo da su sun fi dubu biyar da za a yi su a karkace.

Akwai kuma haƙƙin mallaka. MAME kyauta ce, amma wasannin dukiyar kamfanoninsu ce, ban da 'yan kaɗan irin su Gridlee da Robby Roto da masu su suka yarda a yi amfani da su kyauta, ba don kasuwanci ba. Wanda zai ajiye akwati a shago yana karɓar kuɗin yara ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Shi dai akwatin da aka kawo mini, kwana huɗu na yi ina bin wayoyin da aka datse ɗaya bayan ɗaya da mita, ina haɗa su da dalma. Na sauya kafasitocin gilashin, hoto ya dawo da launinsa. Ramukan da aka huda na cike su, ko da yake tabonsu yana nan. Tsohon fanel ɗin na naɗe shi a ledar kayan lantarki, na ajiye shi a ƙasan akwatin, na kuma manna takarda a bayan ƙofa mai bayanin duk abin da na sauya da kwanan wata, domin wanda zai buɗe shi bayana. Duk matashin da irin wannan aiki ya zo hannunsa, ina roƙonsa ya nemi tsohon mai gyaran talabijin a unguwarsu su yi shi tare, shi ya riƙe ɓangaren kwamfuta, dattijon ya riƙe ɓangaren gilashi.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai gyaran rediyo da talabijin,
Kano.